Hotunan Haya a Makarantar 'Yarki

Suwaidi, Riyad
Farkon Oktoba

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya mutanen Funtuwa? Ina fatan maganin da na aiko ta hannun Basiru ya iso, kuma kina shafawa, ba ki rarraba wa maƙwabta ba kamar yadda kika saba. Uwargida Sumayya tana gaishe ki, da yara, Kamil da Almustafa, ko da yake rabin gaisuwar tasu Larabci ce. 'Yarki ma lafiyarta lau.

Da hannu na rubuta wannan, na ɗauki hotonta na turo miki, domin idan na kira waya kunnuwan yaran nan a kaina suke.

Maganar 'yarki ce. Tun da muka ɗauko ta daga hannunki bara ba ta rasa komai ba. Ɗakinta daban, na sa ta a makarantar da 'ya'yan likitoci da jakadu suke, ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na shigo ƙasar nan ina sauke siminti ina kwana a ɗakin gwauraye a unguwar Al-Oud. Amma har yau maganarta ɗaya ce, wai idan zangon karatu ya ƙare Funtuwa za ta koma. Ba ni take faɗa wa ba, Kamil take faɗa wa, shi yake kawo mini. Iƙamarta, wato takardar zama, za ta ƙare ƙarshen shekara, ni kuma sabuntawa zan yi. Ina roƙonki ki rage mata dogon surutun waya, ki ce mata ta zauna. Kin riƙe ta tun daga yaye har ta zama budurwa, Allah ya biya ki. Yanzu ta zauna gidan ubanta.

Bari in ba ki dariya. Makarantar tasu ta ba ni aiki. Wai nunin hotuna za su yi a babban zaurensu, suna neman kafintan da zai kafa musu allunan da za a rataya. Da na ji hotuna na zaci na ɗalibai ne, ko na Makka da Madina. Ina! Hayo su aka yi daga wata ƙungiya a Turai, aka ɗoro su a jirgi cikin akwatunan katako kamar gawar attajiri. Hotunan me? Hotunan iyalan mutanen da babu wanda ya san su. Wai don a koya wa yara cewa iyali iri-iri ne. Yaya, ki ji fa. Mutanen da suka ƙare jami'a biyu-biyu, sai sun yi hayar hoto kafin su san gida bai zama ɗaya da gida ba.

Wata malama 'yar Labanon ce ke kula da abin, Madam ake ce mata. Ta zaunar da ni kamar ɗan firamare tana karanto mini dokokin masu hotunan. Ba a taɓa su sai da farar safar hannu. Ba a buga musu ƙusa. Ba a ɗaga su sama, sai daidai idon yaro. Ni da na yi rufin ɗakin manyan mutane a unguwar Nasiriya, ni za ta koya wa rataya firam. Na ce mata to. Aiki ne, zan yi musu shi yadda ba su taɓa gani ba, ita ma 'yarki ta ga ko wane ne ubanta a garin nan.

Ki gaishe da kowa. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙaninki,
Ghali

Suwaidi, Riyad
Ƙarshen Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da dukkan mutanen gida. Na ji saƙonki na murya. Kin ce ba za ki ce mata ta zauna ba, ba za ki ce mata ta dawo ba. To, na ji.

Mun buɗe akwatunan. Da kin gan mu ni da Mamane, mutumin Maraɗin nan da ke aiki a wajena, da fararen safa kamar masu karɓar haihuwa, da kin yi dariya har ƙafar ta warke. Ga abin da aka biya kuɗin jirgi a kansa. Wata tsohuwa da jikokinta a bakin murhu. Wani ƙato da goyo a ƙirji yana wanke-wanke. Bature da matarsa sun rungume yaro baƙi wuluk. Wasu sun zagaye kwamfuta suna gaisawa da ubansu da ke wata ƙasa. Akwai ma waɗanda suka sa kare a tsakiya, har da sunansa a rubuce a ƙasa. Na ce wa Madam da ta tambaye ni tun farko, da na kai ta gidanmu na gado a Funtuwa ta ɗauki duk waɗannan kyauta, ban da karen. Ta yi dariya ta ce ina da barkwanci. Ni kuwa ba wasa nake ba.

Amma ba don wannan na rubuto ba.

Ashe akwai allo na ƙarshe, na ɗaliban makarantar. Kowane yaro ya kawo hoton iyalinsa, ranar buɗewa ya tsaya kusa da shi ya yi wa iyaye bayani. Madam ta miƙo mini su a kwali, kowanne da inda za a rataya shi. Ina cikin jerawa sai na gan ki. Ke ce zaune a kan tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, da kwanon gyaɗa a cinyarki, 'yarki kuma ta kwantar da kai a kafaɗarki tana dariya har ana ganin dasashi. Ban taɓa ganin wannan dariyar a gidana ba. A ƙasa ta rubuta da Turanci, ni da mahaifiyata. Shi ke nan. Babu ni, babu Sumayya da ta haife ta, babu ƙannenta.

Kuma kin san inda Madam ta ce a sa shi? Kusa da Baturen nan mai baƙin yaro, a sashen yaran da wasu suka ɗauka riƙo.

Na tambaye ta dalili. Sai matar nan ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce Allah ya saka mini da alheri da na ɗauki nauyin karatun Bilƙisu, 'yarki ke nan, alhali ba ni na haife ta ba. Wai ta daɗe da lura. Wai ranar taron iyaye ban zauna kusa da ita ba, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan, alhali Kamil ina kiransa ina dafa kansa. Wai nan ta gane marainiya ce nake taimako.

Yaya, na rasa inda zan sa kaina. Ta ina zan fara yi wa wannan baiwar Allah bayanin alkunyar 'yar fari? In ce mata a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, uwa ba ta jan sa a jiki gaban mutane, kuma ba ƙi ba ne, mutunci ne? In ce mata ba a ba wa yaya riƙon ɗa don an rasa abinci, sai don ta isa? Ta tara iyalan duniya a bango tana koya wa mutane, ga irin namu a tsaye gabanta da guduma a hannu, ba ta gane shi ba. Na ce mata ni na haife ta. Ta ce ayya, ta ba ni haƙuri, amma a fuskarta na ga ta ƙara tausaya wa yarinyar ne.

Ba zan bari iyayen makarantar nan su zo su tsaya suna kallon 'yata a layin marayu ba, ina raye, a kan allon da na sassaƙa da hannuna. Na duba wayata da ta Sumayya kaf, babu hoto ɗaya da muke tare da ita, kin san ba abin da ake yi ba ne. Don haka ranar Juma'a bayan la'asar na kwashi kowa zuwa gidan hoto a unguwar Batha. Na sa babbar rigata ruwan toka. Mai hoton, wani ɗan Pakistan mai shegen surutu, sai cewa yake Baba sa hannu a kafaɗar bint, Mama matso kusa da bint, wato yarinya. Na ce masa ya ɗauki hoto, ba shawara na zo saya ba. Ta tsaya daga gefe bayan Almustafa, yadda ya kamata. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Na yi masa firam na katakon da ya fi na Turawan.

Ban faɗa mata dalili ba. Ranar buɗewa da safe zan cire wancan in sa wannan, a sashen iyalai masu uwa da uba. Ba raini ba ne gare ki, Yaya, kin san matsayinki. Idan ta ga kanta cikin 'yan'uwanta a gaban jama'a, za ta san nan ne gida, maganar Funtuwa ta mutu.

Kada ki faɗa mata a waya. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ghali

Suwaidi, Riyad
Nuwamba

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya jiki, ya gida? Mu nan lafiya, sai godiya.

An yi bikin nasu. Na sauya hoton da safe kafin kowa ya zo. Mamane ya ce Alhaji, ai ba wannan ne na jiya ba, na ce masa ya riƙe tsani.

Zauren ya cika. Mata da maza da turare, kowa da ƙaramin kofin gahawa, suna tsayawa gaban hoton mai kare suna karkata kai kamar masu karatun allo. Shugabar makaranta ta yi jawabi, ta gode wa ƙungiyar Turai, ta gode wa Madam, ta gode wa masu kawo dabino. Allunan da suka tsaya cak babu wanda ya karkace ko da faɗin farce, babu wanda ya ambaci mai su, sai ka ce da kansu suka tsiro.

Sai aka zo kan ɗalibai. Kowa ya tsaya ya yi ta zuba, wannan babana ne yana son ƙwallo, wannan mamata ce ta iya kek, a tafa. Da aka kira 'yarki, ta nufi inda ta san hotonta yake, ta tarar da bango. Madam ta hango sabon ta nuna mata. Ta je ta tsaya a gabansa. Ta daɗe tana kallo, har wasu suka fara tari. Ina daga baya kusa da ƙofa, ni da Sumayya.

Ba ta yi kuka ba, ba ta nemo ni da ido ba. Ta juyo ta yi magana da Turancin da ban san ta iya shi haka ba, kuma duk na ji. Ta nuna ni ta ce wannan Alhaji Ghali ne, shi ya kafa duk allunan da kuke gani, babu kafinta kamarsa a Riyad. Wannan matarsa ce, waɗannan 'ya'yansu ne, Kamil da Almustafa. Ta nuna gefe ta ce wannan kuma ni ce, na zo karatu. Sannan ta ce wadda ta raine ta ba ta cikin hoton, amma za ta faɗa musu kamanninta. Ta faɗi mangwaron, ta faɗi yadda kike ɓare gyaɗa da hannu ɗaya kina yi mata kitso da baki, wato kina gaya mata inda ta karkace. Ta faɗi yadda kika goya ta zuwa asibiti da ƙafar nan taki lokacin ƙyanda. Ni ban ma san ta yi ƙyanda ba. Ko kin faɗa mini a lokacin, ina kan gini ban riƙe ba.

Suka tafa kamar rufin zai faɗo. Madam har da share hawaye. Mutanen da suka tsaya yaba hoton kare, me tafinsu zai dame ni da shi? Wani likita ɗan Masar ya zo ya kama hannuna yana yaba aikin katako, ya ce in ba shi lambata. A zauren nan kaf, babu wanda ya gane abin da yarinyar ta ce sai ni da uwarta, ba ta kira mu iyayenta ba. Sumayya ta ja mayafi ta fita ta jira mu a mota.

Da muka isa gida 'yarki ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce sannu da aiki, Baba, allunan sun yi kyau. Ladabin nan da kika koya mata, ba ta rage ko kaɗan ba. Da ma ta yi mini rashin kunya irin ta yaran garin nan, da na san abin yi.

Har gobe ina nan a kan bakana, wannan nuni shirme ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ban yi wa 'yata abin da ubanmu bai yi miki ba, kuma ke ba ki taɓa shakkar ke 'yarsa ce ba. Amma ke kin tashi a inda kowa ya san ma'anar shirun. Ita an kawo ta inda uba ke sumbatar 'yarsa a bakin makaranta, ta ga ƙannenta suna hawa kafaɗata, ita ana ce mata yarinyar nan. Sumayya ta ce mu gwada canjawa. Na gwada jiya, na buɗe baki a teburin abinci zan kira ta, sai na ji kaina ina cewa Kamil ya miƙo gishiri. Gemuna ya yi fari a kan wannan, ba Madam ce za ta sake ni ba.

Ba zan sabunta iƙamar ba. Na faɗa wa 'yarki da bakina, ba ta hannun kowa ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ta gode. Idan suka gama jarrabawa za ta biyo iyalin Basiru zuwa Kano, ki sa a tarbo ta. Ki nemo mata makarantar da ta fi kowace kyau a kusa, ko Zariya ce ko Katsina, kada ki duba tsada. Mako mai zuwa zan sauke musu hotunansu in mayar a akwati su koma inda suka fito. Naku na gindin mangwaro yana cikin jakarta, na yi masa firam.

Kada ki yi mata faɗa, Yaya. Kada kuma ki ce mata ni na ce kada ki yi.

Ki gaishe da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana ita.

Ƙaninki,
Ghali