Shanun da Suka Riga Mu Shiga Gona

Abbare, Jalingo
Nuwamba, 1996

Ya Hammanjoda, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake gudowa in rana ta take,

Gaisuwa daga wadda barci ya ƙaurace wa. Ƙanwarka Hamna ta kawo saƙonka. Wai Baffanka ya ce in janye littafina daga kasuwa, in na ƙi, maganar aurenmu ta mutu. Kai kuwa, Hamma, ko leƙe. Yaushe bakinka ya yi nauyin da sai ka ari na ƙanwa?

Ka manta yammacin nan a gindin mangwaron gidanmu, tun labarin yana rubutun hannu? Na karanta maka inda 'yan ƙwadago suka gama yankan shinkafa, 'ya'yansu suka ɗauki ƙorai za su shiga kala, su tsince zangarniyar da ta zube, sai mai gona ya saki shanunsa suka riga su. Ka kau da kai, wai ƙwaro ne ya faɗa maka ido. Ƙwaro mai wayo, da ya shiga ido biyu lokaci guda! Kai ka ce kada in taɓa ko wasali ɗaya.

Yau 'yan'uwanka sun ce da Baffa nake, don yana da gona, yana da shanu. Wallahi wancan mai gonar daban ne, ya daɗe a kabari. Ni ce yarinyar mai ƙwarya. A bukkar kara aka haife ni, a bakin fadamar Lau. In shinkafa ta ƙare mu bi mota zuwa tonon doya, in doya ta ƙare mu saurari inda za a kira mu. Da waƙar masu shiƙa aka yaye ni. Su wa zan rubuta in ba su ba? In na janye littafin nan, na ce ke nan yunwar ranar ƙarya ce, tsagewar tafin hannun Innata ma ƙarya ce. Ba zan iya ba.

Rasa ka ma ba zan iya ba. Ina zan kai son da ya cika ni kamar kogin Binuwai a watan Agusta? Ko ƙarar babur na ji a lungunmu sai in fito ba takalmi, in tarar ba kai ba ne. Ina tsoro, Hamma, tsoro ƙwarai.

Baffa bai karanta ba, a bakin mutane ya ji. Ka karanta masa da kanka, ko ka kai ni gidansa a unguwar Sintali in durƙusa gabansa in faɗa masa da bakina. In zagi ne zan shanye, in kuka ne ina da shi.

Inna ba ta san komai ba. Shekaranjiya ta ɗaure faifanta ta hau motar 'yan ƙwadago, ga ciwon baya, wai wannan kakar ce ta ƙarshe, gadon ɗakina za ta yo. Har motar ta tashi tana cewa in gaishe mata da surukinta.

Da an gama girbi za ta dawo da gadon a saman mota. Don girman Allah, ka riga ta zuwa.

Taka ko ka zo ko ba ka zo ba, har ranar da za a rufe ni,
Kadijatu