Janbaki a Goshin Jaririya

Yaya,

Na dawo daga asibiti na tarar kina barci. Albishirinki! Ba tarin fuka ba ne! Likita ya ce baƙar fumfunar bangon bayan gadona ce huhuna ba ya shiri da ita, kuma ba mai ɗauka a wurina. Ya rubuta min ƙwayoyi da abin shaƙa, na ruga kemis. Don Allah ki sa maigidanki ya ɗaure hanci ya kankare bangon nan, ni an hana ni.

Kofina da kika ware na mayar da shi cikin na kowa. Janbakin goshin jaririyarki kuwa nawa ne, sumbatarta na yi. Tun ranar da aka haife ta nake haƙuri!

Autarku