Koren Idwal da Koren Gwilym

Garin Bala

Zuwa ga 'yata Nesta,

Gaisuwa mai yawa, ke da majinyatanki. Bayan haka, ubanki ya sake tafka ta. Na sayi fentin shaidar tumaki a kasuwa, gwangwani ba rubutu, don ya fi araha, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na shafe garkena kaf, na kora su dutse ina fito. Ashe kore ne, launin Gwilym ɗan baffana, ba jan gidanmu ba! Kin san ja da kore a wurina duk shayi ne da madara ta yi wa yawa. Ga shi tsagar kunne ɗaya muka gada, tumakin sun cakuɗe. A ƙofar coci Gwilym ya ce, "Idwal, na gode da kyauta, ban san kana ƙaunata haka ba." In ban raba su kafin askin tumaki ba, garkena ya tafi.

Ubanki mai ido don ado,
Idwal

Cardiff

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Sau nawa zan ce ka riƙa tambaya? Amma ka tuna labulen Mama, da ka nace ƙyallen biyu ba iri ɗaya ba ne, muka yi ta dariya, daga baya mai kanti ya ce gaskiyarka? Hau dutse ka dube su da idonka, ka daina aron namu.

Taka,
Nesta

Bala

'Yar albarka,

Gaisuwa, sannan ki zauna kafin ki karanta. Na hau, na duba. Koren da kowa ke rantsuwa ɗaya ne, ni biyu na gani: nawa kamar busasshiyar ciyawa, nasa kamar tokar murhu. Gwilym ya ce, "Makaho zai koya mana kallo?" Matarsa Olwen ta ce a gwada ni, amma in na ci akwai aikin da zan yi mata. Ta shafa fentin biyu a guntayen katako, ta juya, ta sake juyawa, har da ɓoyewa a bayanta. Ban kuskure ko sau ɗaya ba! Na shiga garke ina nunawa, kare na fitarwa, makiyaya na ihu kamar a filin ƙwallo. Da Gwilym ya duba sauran, nasa ne cif. Ya cire hula ya ce, "Ɗan'uwa, ashe mu ne ba ma gani." Na sa ya maimaita, na ce kunnen ma ya fara ciwo.

Ubanki, sarkin kore,
Idwal

Bala

Nesta,

Gaisuwa a gurguje. Olwen ta faɗi aikinta: in tsinke mata tumatir, nunannu kawai. Na leƙa lambun, duk fuskarsu ɗaya. Ranar Asabar ce zan yi aikin. Ki hau jirgi, ki taho da idonki.

Baba