Hujjar da Farfesa Ya Ce ta Allah Ce

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ta daina ɓoye magani a ƙarƙashin filo, na san halinta.

Yaya, murna ce ta sa ni rubutu yau. Ka tuna matsalar lissafin nan ta kundin digirina, wadda kake yi mini tsiya wai ita na aura? To, na warware ta. Farfesa, malamin da ke duba aikina, ya taɓa tabbatar da rabinta tun ina firamare, da hujja mai tarin shafuka. Tawa ta kwashe duka, kuma ba ta ma cika allo ba. Ina wanke kofin shayi a ofis ta faɗo mini a rai. Da jiƙaƙƙen hannu na ɗauki alli.

Na kira Farfesa, Dogo abokin ofishina yana zaune. Farfesa ya daɗe tsaye gaban allon yana bin layukan. Sai ya cire tabarau ya ce, "Subhanallahi. Wannan ba ƙirar mutum ba ce, 'yata. Allah ne ya ajiye ta, ke kika tsinta."

Na san za ka ce me ya haɗa Allah da lissafi. Kai da kake shimfiɗa tayil, ga misali. Ɗauki daɓe mai tayil takwas a tsaye, takwas a kwance, baƙi da fari a jere kamar allon dara. Cire biyu na kusurwoyin da ke kallon juna ta karkace. Za ka iya rufe sauran da katakai masu cin tayil bibbiyu? Wani zai shekara yana gwadawa. Amma duba: kowane katako baƙi ɗaya da fari ɗaya yake rufewa, biyun da ka cire kuwa launinsu ɗaya ne. Ba zai yiwu ba, magana ta ƙare. Ka ji yadda ta zauna daram? Idan hujja ta zo haka, ba ka jin kai ka gina ta, ji kake tana nan tun kafin a haife ka. Shi ya sa masana lissafi, har waɗanda ba su cika ibada ba, sai ka ji sun ambaci Allah. Ba su da wata kalma da ta kai.

Farfesa ya ce in kwafe masa zai duba a natse. Tun rasuwar Baba ban ji wani ya kira ni 'yata na ji har cikin ƙashina ba sai shi.

Ka gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa. Ka yi haƙuri da shiruna, ban san ta inda zan fara ba ne.

Watannin nan duk lokacin da na tambayi Farfesa yaushe za mu tura aikin a buga, sai ya ce in yi haƙuri, akwai abin da yake dubawa. Makon jiya na shiga ɗakin shan shayin malamai na tarar ana ta yi masa barka. Wata babbar mujallar lissafi ce a kan tebur. Na buɗe. Hujjata ce, Yaya, layi bayan layi, har da harafin da na zaɓa don shi ne farkon sunan Baba. Sunan Farfesa ne kaɗai a sama. A can ƙasa an gode wa "ɗalibai" saboda hira mai amfani.

Ban yi kuka a wurin ba. Na bi shi ofis na rufe ƙofa. Ya ba ni kujera, ya ma tambayi jikin Inna. Da na ajiye mujallar a gabansa sai ya ce shi ya share rayuwarsa a kan matsalar, shi ya ɗora ni a kanta, kuma da a ce da sunana aka tura, da ba wanda zai karanta. Na ce to me ya hana a sa sunayen biyu? Sai ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ashe ban gaya miki ba? Hujja irin wannan ba ta da mai ita. Ta Allah ce. Ni da ke duk masu tsintuwa ne."

Na ce, "In ta Allah ce, ranka ya daɗe, me sunanka yake yi a kanta?"

Ya ce in je in huce.

Abin ba a suna kawai ya tsaya ba. Tunda an buga, ba zan iya sa ta a kundina a matsayin tawa ba. Shekarun da na yi sun tafi ke nan. Zan kai ƙara wurin shugaban sashe, ga Dogo shaida. Kada ka gaya wa Inna tukuna, kuma don Allah kada ka taso, na san zuciyarka.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode. Ka ce wa yara ina nan tafe da hutu.

An zauna a kan ƙarata. Da aka kira Dogo, bai kalli inda nake ba. Ya ce ya ga ana rubutu a allo amma ba zai iya cewa tunanin wa ba ne. Wannan mutumin da muke raba abincin rana da shi. Da muka fito ya tare ni a matattakala, ya ce Farfesa ne zai sa hannu a ƙarin girmansa, ga shi matarsa ta kusa haihuwa. Na ce Allah ya sauke ta lafiya, na wuce.

Shugaban sashe ya ce ba a tozarta dattijo a kan rashin fahimta. An mayar da ni hannun wata malama, zan fara sabon aiki. Farfesa ya aiko a ce mini zai sa sunana a gaba a takardarsa mai zuwa. Na ce a gaya masa ba zan sa sunana a kan abin da ban yi ba.

Ka tambaye ni ko abin ya taɓa imanina. Bai taɓa ba. Har gobe na yarda hujja mai kyau irin wannan daga Allah take. Sai dai shi da ya ajiye ta ya san wanda ya buɗe wa ido, kuma bai yi kuskure ba. Abin da ke cina shi ne, jiya a taron sashe wani baƙo ya kawo hujja mai kyan gaske, Farfesa ya ce "Subhanallahi," sai na ji ƙyama ta kama ni. Ya ɓata mini kalmar a bakinsa.

Ga wani abu kuma. Shekaranjiya wata sabuwar dabara ta zo mini, ina ganin ta fi ta farko. Da can da gudu zan fita neman wanda zan nuna wa. Wannan karon na kulle ƙofa, na rubuta a allo, na kalle ta har na ƙoshi, sannan na goge da tsumma mai ruwa. Ko kai na yi niyyar zayyana maka ita a nan, sai na ga hannuna ya ƙi. Kai fa, Yaya, da ka goye ni. Ka yi mini addu'a wannan halin ya sake ni.

Ka gaida Inna da Anti.

Ƙanwarka,
Auta