Mai Tsaron Ragar da Ban Gane Ba

Assalamu alaikum, Rabo.

Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka da ƙanwarka Lauratu. Ni a nan Madina sai godiya. Aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi yana tafiya. Bayana ne ke ɗan damuna, amma kada ka gaya wa mahaifiyarka.

Na san ka ji saƙon muryar da na tura wa 'yan unguwa kan wasan kusa da na ƙarshe na kofin kwalejoji. Na ce Kwalejin Noma za ta ci kwalejinku biyu da nema, wai mai tsaron ragarku dogo ne na banza, yana tsoron ƙwallon sama. Har da dariya na yi.

Sai baffanka Sagiru ya kira ni ya ce, "Yaya, dogon nan Rabo ne fa."

Wallahi sau huɗu na kalli bidiyon nan ban gane ka ba. Shekara shida fuskarka kawai nake gani a waya, ban san tsawon da ka yi ba. Ka yafe mini. In an bugo kwana, ka fito da wuri ka kama. Ni ya kamata in koya maka wannan a filin bayan gida, ba daga nan ba.

Allah ya ba ku sa'a ranar Asabar, ya ƙaryata ni. Ka tsaya a bakin ƙofar zaure Lauratu ta ɗauke ka hoto, daga kai har ƙafa. Ita ƙofar na san tsawonta.

Mahaifinka,
Balarabe