Koren Mayafin da Ba Naki Ba

Bukkuyum, ranar Talata

Zuwa ga Murjanatu, sanyin idona, ruwan farkon daminata, wadda fushinta ya hana ni cin tuwo kwana uku!

Ki dubi abin kunya. Ni Lirwanu, malamin Turanci na aji shida, makon jiya kaf ina koya wa yara yadda ake faɗin lokacin da abu ya fara da yadda ya fara. Ga kalmar abin da ya faro farat ɗaya, ga ta wanda ya faro sannu a hankali. Na bulale yaro biyu don sun haɗa su. Sai ga shi kin yi mini tambaya ɗaya a zaurenku, yaushe na fara sonki, na faɗi warwas.

Na ce ranar kasuwar Gummi ce, da na hango ki cikin koren mayafi kina tayin tabarma. Ashe yayarki Turai ce! Wallahi ban sani ba sai da kika tashi kika bar ni da sauro. Shekara biyu ina riƙe da wannan rana kamar gadon ubana, ashe ba tamu ba ce. To in ba ita ba, wacce?

Ko ranar da kekena ya yi faci a hanyar Zugu kika yi mini dariya, dariya mai daɗi kamar kukan kurciya da hantsi? Ko ranar da kika ce furar Innata ta fi taku don kawai in ji daɗi? Farat ɗaya ne? Sannu a hankali ne? Wa ya taɓa kama gero a lokacin da yake tsiro? Kaina ya ɗaure, Murja, na rantse ya ɗaure.

Kin ce in ban kawo ranar gaskiya ba kafin Jumma'a, za ki ce wa babanki kada ya karɓi baffana in ya zo neman aurenki. Zan iya ƙago wata, amma ba na son mu fara da ƙarya. Ki faɗa mini ranar da ke kika fara, in ɗauke ta tawa har abada. In kuwa ke ma ba ki sani ba, don girman Allah ki bari a shimfiɗa wa tsohon nan tabarma.

Naki, ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Lirwanu