Ƙorafi Kan Maganaɗisun Makaranta Da Aka Kai Maƙera

Daga: Kamaruddeen Abdulkabir,
Malamin Fiziks,
Sakandaren Tsamiyar Goje.
20 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Ilimi na Shiyya.

Ranka ya daɗe,

Game da: Lalata maganaɗisun ɗakin gwaji da abin da ya biyo baya

Bayan sallama da girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne kaina a sunkuye.

1. Makarantarmu tana da babban maganaɗisu guda ɗaya tak. Da shi nake nuna wa ɗalibai darasin filazma, wato iskar nan mai caji da ke haske cikin bututun gilashi. Ƙwayoyinta kan bazu ko'ina, amma da an kusanto da maganaɗisu sai su kama kewaya layin ƙarfinsa, bazuwar ta ragu, hasken ya tsuke.

2. Ranar 6 ga Mayu, bokitin rijiyar makaranta ya faɗa ciki. Mataimakin shugaba, Malam Hashimu, ya ɗauki maganaɗisun ba da sanina ba, ya kai maƙera aka sa shi a wuta, aka liƙa masa zobe don a ɗaura igiya. Wuta kuwa kashe maganaɗisu take. Bokitin bai fito ba, sai aka mayar da ƙarfen akwatinsa shiru.

3. Ranar 14 ga Mayu aka yi taron iyaye. Na tara Dagaci da limamai da manoman da suka baro sharar gona, har da surukina a sahun gaba, don su ga gwajin filazma tare da ɗalibaina. Na ga zoben, na ɗauka gyara aka yi mini. Na cika baki, ɗalibata Safara'u ta kara ƙarfen a jikin bututu. Hasken ko gezau. Ta juya shi, ta sake karawa, a banza. Surukina ya duƙufa kan carbinsa, bai ƙara ɗagowa ba. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ta bayan gari nake zagayawa don kada in bi ta ƙofar gidansa.

4. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin da na yi wa ajin bayan haka. Kusan dukansu sun rubuta cewa maganaɗisu ba ya yi wa filazma komai. Na ɗaga jan biro na kasa sokewa, domin ni na koya musu su gaskata abin da gwaji ya nuna, ba abin da malami ya faɗa ba.

Don haka ina roƙon Mai Girma Darakta, cikin ladabi, da a hana fitar da kayan gwaji ba da izini ba, a kuma aro mana maganaɗisu mai rai kafin jarrabawar ƙarshe. Ba na neman a hukunta Malam Hashimu, ruwa yake nema wa yara. Ina dai neman izinin sake tara mutanen nan, ƙarfen kuma a hannun Safara'u, wadda tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Kamaruddeen Abdulkabir